Yadda Bushta Ya Gano Ƙasa

Bushta ɗan gwaggona ya dawo daga Holan a ƙarshen sanyi, da akwatuna biyar da farar riga irin ta likitoci. Tun bai gama shan shayin maraba ba ya sanar da mu cewa kakanninmu sun yi shekaru ɗaruruwa suna noman wiwi bisa kuskure.

"Wane kuskure?" in ji Si Layashi, shugaban ƙungiyar manoman ƙauyenmu.

"Ƙasa," in ji Bushta. "Ƙasa datti ce. A can, in aka ga mutum da fartanya, asibiti ake kai shi. Cikin ruwa zalla ake shuka, a ɗaki, da fitila. Ni da kaina na kula da gidan gilashin da faɗinsa ya kai daga nan zuwa garin Bab Barrad."

Ni dai na san abin da ya kula da shi, don mijin ƙawata ya gan shi can yana loda kwalayen tumatir a mota. Amma ban tona masa asiri ba, saboda Gwaggo Mannana tana zaune tana kallonsa ko ƙiftawa ba ta yi. Shekara goma sha ɗaya rabonta da shi. Ko jana'izar ubansa ta waya ya halarta.

Ba maraba kaɗai ta kawo Si Layashi gidan ba. Tun da gwamnati ta ba ƙungiya lasisin noman wiwi don magani ake neman baldiyya, tsohon irin duwatsunmu, wanda ba ya bukatar ruwa sai na sama. Mutanenmu kuwa sun daɗe da watsar da ita, sun rungumi irin ƙetare mai zuƙe rijiya. Da aka bi gida-gida, sai aka tarar duk ƙauyen babu mai sauran baldiyya ta asali sai Gwaggo: cikin tafi uku, a wani ɗan tulu da ni na gina da hannuna, abin da mijinta marigayi Mufaddal ya bari. A wurinmu iri daga hannun uba yake shiga hannun ɗa, don haka ta hana kowa, tana jiran Bushta.

Si Layashi ya ce abin da ake so shi ne a shuka shi a ninka, kowane gida ya samu na shukawa baɗi.

"Tafi uku?" Bushta ya yi dariya. "Ku ba ni wata shida in mayar muku da shi buhu goma. A ɗakin sama zan yi. Ba rana, ba jiran damina, ba ciwon baya."

"Kai da ko na'ana'a ba ka taɓa shukawa ta tsira ba?" na ce.

"Hadduja, ki tsaya kan tukwanenki. Wannan maganar ilimi ce."

Gwaggo ta ɗauko tulun, ta zuba masa tafi ɗaya a hannu. "Na ubanka ne," ta ce. "Bayan abin da ke cikin tulun nan babu wani."

"Inna, ki fara neman buhuna kawai."

Ɗakin sama a gidan Gwaggo yana bisa garken alfadarinta ne, daɓen katako da ƙasa, irin na kowa. Cikin kwana uku Bushta ya cika shi da bokiti arba'in, da tiyo da ya nannaɗe ko'ina, da injin tura ruwa, da fitilu masu haske ruwan hoda. Ya manna takarda a ƙofa da rubutun Holan. Na tambaye shi me aka rubuta, ya ce ba zan gane ba. Daga baya muka ji ashe takardar farashin cuku ce.

Ranar da ya kunna kayan, bayan la'asar, wutar ƙauyen gaba ɗaya ta ɗauke. A shagon shayin Sallam maza ashirin ne ke kallon ƙwallo, an ajiye za a buga fanareti, ɗan wasa ya ja da baya, sai talabijin ya mutu. Ba a yi minti goma ba suka iso ƙofar Gwaggo, Sallam a gaba da buta a hannu.

"Bushta! Fito ka gaya mana ko ta shiga!"

Ya leƙo ta taga da farar rigarsa. "Laifin wutarku ne. Ba ta saba da aiki ba."

"Za ta saba da kai yanzu in na hau!"

Aka sasanta a kan zai riƙa kashe rabin fitilun duk ranar da ake wasa. Ya ce dama haka tsarin yake.

Sai maganar ruwa. Idon ruwanmu guda ne, kuma kowane gida da sa'arsa ta ban ruwa, tun zamanin kakanni. Bushta ya ce agogon Holan yake bi, ya zura tiyonsa a sa'ar Liman. Albasar Liman ta kwana da ƙishirwa sau uku kafin a gane. Ranar Juma'a aka yi huɗuba mai tsawo a kan haƙƙin maƙwabci, ba a ambaci sunan kowa ba, amma duk sahu ya waiwaya wuri ɗaya. Bushta ma ya waiwaya, ya ga bango ne a bayansa, ya girgiza kai yana tir da halin mutane.

Ruwan idon namu kuwa ba shi kaɗai yake tafiya ba. Bayan mako biyu aka fara jin kukan kwaɗi daga ɗakin sama.

"Ashe kiwo ka koma?" na tambaye shi a bakin matakala.

"Suna cikin tsari. A Holan sayensu ake yi, da tsada."

"To wannan da ke zaune a aljihun rigarka fa?"

"Shi ne babbansu," ya ce, ya mayar da shi ciki.

Daɓen ya fara ɗiga kan alfadari safe da yamma, har dabbar ta kamu da mura. Duk wanda ya wuce sai ya ji atishawa daga garke, wasu har suna cewa yarhamukallah kafin su tuna ko wane ne. Baldiyya kuwa, wadda ta saba da tsaguwar dutse da ƙishirwar wata uku, ta tsinci kanta tsundum cikin ruwa dare da rana. Ta tsiro, ta yi rawaya, saiwarta ta ruɓe. Warin har tsakar gidana.

Si Layashi ya tsaya ƙarƙashin taga ya ɗaga murya. "Ɗana, wannan irin ba ya son ruwa. Kamar ka ɗauki akuya ne ka ce ta zauna a rijiya."

"Tana sabawa ne, Si Layashi."

Ba ta saba ba. Wata safiya taga ta buɗe, bokiti arba'in suka biyo juna, ruwa da tsirrai da kwaɗi duk a tsakar gida. Gwaggo ta fito da tsintsiya, ta ɗaure malafarta, ta share.

Kwana biyu ba a ga Bushta ba. A na uku, ranar kasuwa, ya shiga shagon Sallam ya hau kujera.

"Jama'a, saƙo ya iso min daga Holan. An bar ruwa. Masana sun gano sabon abu."

"Mene ne?" in ji wani.

Bushta ya bari sai da kowa ya ajiye kofinsa. "Ƙasa."

Sallam ya dubi ƙafafunsa, ya dubi Bushta. "Wace ƙasar? Wannan da muke takawa?"

"Ba irin taku ba. Taku a waje take kwana, kaji na tonawa, kowa na tofa mata yawu. Wannan a ɗaki ake ajiye ta, a bokiti."

"Allahu akbar," in ji Sallam. "Ashe mun riga Holan ba mu sani ba."

"Ku da ka kuke yi. Ni da ilimi zan yi."

Da yamma Gwaggo ta sake ɗauko tulun, ta zuba masa tafi na biyu. Na lura hannunta ya ɗan tsaya kafin ta karkata bakin tulun, amma ta zuba.

Bushta ya zagaye gonakin ƙauye duka yana taɓe baki, wai ƙasarmu duwatsu sun yi mata yawa. Ƙarshe ya samu wadda ta yi masa, ja, mai laushi, ba tsakuwa ko ɗaya. A ramina ya same ta, inda nake haƙar yumɓu. Na iske shi ya cika buhu goma sha biyu, kuma ya aro ƙyallen da maza ke tankaɗen garin wiwi da shi yana tankaɗe ta.

"Bushta, yumɓu ne wannan. Tukunya ake ginawa da shi."

"Shi ya sa ba ku ci gaba ba. Kun samu ƙasa mai daraja kuna dafa wake a cikinta."

"Wallahi in ka jiƙa ta ka sa mata zafi, dutse za ta zama."

"Ke kin taɓa zuwa Holan?"

"Ban taɓa ba."

"To."

Alfadari mai mura ne ya kwashe buhunan, yana tafe yana atishawa. Bushta ya cika bokitansa, ya binne irin, ya kwarara ruwa, ya sauko da fitilu dab da baki don su ji ɗumi. Kwana goma yana jiran tsiro. A na sha ɗaya ya ƙwanƙwasa bokiti ɗaya da cokali, ya ji ta amsa. Da ya kife ta sai ga abu ya faɗo sumul, zagayayye, ba tsaga ko ɗaya, irin ubansa a binne a tsakiya. Gaskiya ta Allah, shekara ashirin ina gini, ban cika samun gefe mai kyau haka ba, kuma abin ya ɗan ci min rai.

Su ma ta taga suka fito. Ɗaya ya rusa akurkin kaji, ɗaya ya gangara har ƙofar masallaci. Sallam ya turo baro ya ɗebi huɗu, har yau a kansu ake zama a ƙofar shagonsa. Gwaggo ta fito da tsintsiya.

Saura tafi ɗaya. A nan ne dariya ta ƙare min. Na je na sami Gwaggo tana murza wake na miyar bisara, Si Layashi ya riga ni, yana zaune a bakin ƙofa da hularsa a gwiwa.

"Lalla Mannana," ya ce, "don girman Allah ki ba mu ko rabi mu sa a gona. In wannan ya tafi, baldiyya ta tafi daga dutsen nan."

"Gwaggo, kada ki ba shi," na ce. "Ɗanki ne, ɗan'uwana ne, amma ko bishiyar ɓaure aka ba shi sai ya kashe ta."

Ta ci gaba da murza wakenta. "Mufaddal bai ce in ba ƙungiya ba. Bai ce in ba mai hankali ba. Cewa ya yi in ba ɗansa."

Bushta ya sauko, ya miƙa hannu. Ta juye tulun, ta bubbuga gindinsa har ƙwayar ƙarshe ta faɗo. Na koma gida na yi kuka don takaici, na fasa wata tukunya da ba ta yi min laifin komai ba.

A wannan karon ya jira Juma'a, maza duk suna masallaci. Ya ɗauki buhuna masu rubutun Holan da ya zo da su, ya haura gonar ubansa, ya cika su da ƙasar wurin, da tsakuwarta da komai, ya haɗa da kashin alfadari daga garke. Sannan ya zagaya ta bayan dutse ya ɓullo ta hanyar mota, daidai lokacin da ake fitowa daga sallah. Ya manta mata ba sa zuwa Juma'a. Mu tara muna bakin idon ruwa muna kallonsa tun daga buhun farko.

"An aiko min daga Holan," ya ce wa maza. "Ta jirgi."

Sallam ya zura hannu, ya ɗebo, ya sansana. "Ikon Allah. Alfadaran Holan ma wake ake ba su."

Sai ga shi abin ya tsiro. Ƙasar ta san irin, irin ya san ƙasar, ba su nemi shawarar Bushta ba. Shi kuwa ya zama ba a iya zama da shi. Ya garƙame ƙofa da kwaɗo, wai numfashin ƙauyawa yana da ƙwayoyin cuta. Yana sallama da Holanci. Ya gaya wa Liman cewa in ya ga dama zai koya masa albasar ɗaki. Har ya fara tambaya ko shugabancin ƙungiya zaɓe ake yi, ko kuwa wanda ya fi ilimi ake ba wa.

Wata safiya da rani ya yi tsaka, ina kan hanyar wurin gashin tukwane, na hango yana jefo wasu tsirrai ta taga, da saiwarsu.

"Me kuma suka yi?" na ɗaga murya.

"Malalata ne, ci kawai suke yi. Sirrin aiki ne, wuce."

Kafin in ƙaraso Gwaggo ta tattara su a zanenta. Wutata tana jira, na wuce ban duba ba.

Da kaka ta zo Bushta ya sa rana. Ya gayyaci ƙungiya duka, da Liman, da wani jami'in gona da ya zo daga birnin Shafshawan da littafi a hammata. Si Layashi ya zo da buhu goma babu komai ciki, ya jera su a tsakar gida. Muka hau sama mu kusan ashirin, daɓen yana kuka a ƙarƙashinmu. Gwaggo ta ce ita ba ta hawa, tana da girki.

Ba zan yi ƙarya ba, sun yi kyau. Kore shar, kawuna manya, ƙamshi har yana hawa ido. Tsofaffi biyu suka yi ƙwalla, don rabonsu da ganin baldiyya a tsaye an daɗe. Bushta ya gyara farar riga ya yi jawabi na rabin sa'a a kan jahilci da wayewa. Da ya gama sai ya karyo kai guda ya ɗora a tafin Si Layashi.

"Murza. Nemo min ƙwaya."

Si Layashi ya murza, ya hura, ya sake murzawa. "Babu."

"Ko ɗaya!" in ji Bushta, yana duban jami'in don ya rubuta. "Ku bincike ɗakin nan kaf, in kun samu ƙwaya ɗaya na cire rigar nan. Tun suna fara nuna kansu na tsince mazan duka na zubar ta taga. Mata zalla. Haka ake yi a Holan, ba irin taku mai cike da ƙwaya kamar abincin kaji ba."

Ya buɗe hannuwa yana jiran tafi.

Liman ne ya fara magana, a hankali. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Bushta," in ji Si Layashi, "me muka ce ka yi mana?"

"Wiwi."

"Iri muka ce. Iri. Buhunan da ke ƙasa na mene ne?"

"To ai..." Bushta ya dubi tsirran, ya dubi tagar.

"Mace ba namiji, daga ina za ta yi ƙwaya?" in ji Sallam. "Kai a bokiti aka same ka?"

Jami'in ya rufe littafinsa. Bushta ya ja da baya taku ɗaya, ya taka daidai inda ruwan bokitansa ya yi wata da watanni yana cin katako. Ƙafarsa ta dama ta shige har cinya. Daga ƙasa muka ji atishawa, sannan muka ji ana jan wani abu. Ba wanda ya miƙa masa hannu. Shi ma bai nema ba. Yana nan zaune, rabi a sama rabi a garke, fuskarsa ta koma ta yaron da na sani muna ƙanana.

"Hadduja," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "irin Baba ya ƙare ke nan?"

Na shirya masa baƙar magana tun wata shida, amma ta ƙi fitowa. Tausayinsa ne ya kama ni, kuma na ji haushin kaina da hakan.

Sai muryar Gwaggo daga tsakar gida: "Ku sauko kafin ku rusa min ɗaki. Ku biyo ni."

Muka bi ta, tana gaba da ɗan tulun nan a hannu. Ta zaga bayan gida, ta haura tsakanin duwatsu zuwa gindin ɓauren da marigayi yake zama da rana. A can, cikin wani lungu da ba a hangowa daga hanya, ga baldiyya guda biyar, gajeru, ƙura ta rufe su, ba su da kyan gani ko kaɗan. Kawunansu sun sunkuya don nauyin ƙwaya. A gefensu ga busassun maza biyu da suka gama aikinsu.

"Lalla Mannana," in ji Si Layashi, "daga ina?"

"Daga taga," ta ce. "Ranar kwaɗi na tsinci biyar da sauran numfashi, na kawo su nan. Da ya jefo mazan na dasa biyu kusa da su. Ruwa sau ɗaya na ba su."

Ta karyo kai guda ta murza a bakin tulun. Muka ji ƙwayoyin suna faɗawa ciki ɗaya bayan ɗaya. Ta karyo wani, ta murza.

Bushta ya iso yana ɗingishi, takalmi ɗaya a ƙafa, farar rigar ta koma kalar garke. Ya leƙa, ya gani, nan take launinsa ya dawo.

"Yauwa," ya ce wa jami'in. "Wannan shi ne mataki na uku na tsarin. A Holan ana kiransa..."

Gwaggo ba ta ko dube shi ba. Ta toshe bakin tulun da tsumma, ta juyo. Bushta ya haɗa tafukansa biyu ya miƙa, yadda ya saba. Ta wuce ta gabansu, ta zo ta ɗora min tulun a hannu.

"Ke kika gina shi, kin san inda ba ya jin laima. Da bazara ki ba Si Layashi rabi."

"Inna," in ji Bushta, "ai daga uba ne zuwa ɗa."

"An ba ɗan," ta ce. "Har sau uku."

Ta juya ta gangara gida, don bisararta tana kan wuta. Bushta ya tsaya da takalmi ɗaya, tafukansa a buɗe, kuma tun da ya dawo ranar ce ta farko da na ga ya rasa yadda ake yi a Holan.